Yadda Ake Yin Yini Guda a Gonakin Inabi na Cape Town Ga Wanda Ba Ya Shan Giya

Duk baƙon da ya sauka wurina a Cape Town ta Afirka ta Kudu, ko taro ya kawo shi, ko jinya, ko hutu, da zarar ya hau dutsen Table Mountain ya zaga unguwar Bo-Kaap, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: "Waɗannan gonakin inabi da ake ta talla a otal, mu ma muna iya zuwa?" Wasu ma tun suna Kano ko Yamai ko Kumasi suke aiko da tambayar. Na ga gara in zauna in rubuta amsar daki-daki.

Ana iya zuwa, kuma wuri ne da nake son kowa ya gani da idonsa. Sai dai ba yadda kamfanoni ke sayar da tafiyar ba. Tasu an gina ta ne a kan giya: gona huɗu ko biyar a yini, kowace a zaunar da kai a jera maka kofuna. Wanda ba ya sha, in ya biya kuɗi ya faɗa motar haka kawai, zai yini yana kallon bakin mutane, ya dawo da yunwa da ɓacin rai. Alhali ga duwatsu, ga lambuna, ga zaitun da cuku da zuma, ga inabin kansa a jikin itacensa. Gyaran tafiyar gaba ɗaya kafin a shiga mota ake yin sa, shi ya sa rabin wannan jagora a kan shiri ya ƙare.

1. Ka san iyakarka tun daga ɗaki

Waɗannan gonaki sana'arsu giya ce, kada wani ya ɓoye maka. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma a kansa mutane da yawa ke tsayawa. Wani zai ce shi ko ƙofar gonar ba zai shiga ba. Wani zai shiga lambu da shagon cuku, amma ba zai leƙa ɗakin ɗanɗano giya ba. Wani zai zauna a teburinsa shi da iyalinsa, a kawo musu ruwan inabi marar giya, ko da a can gefe wasu na shan nasu. Ka san inda ka tsaya, in akwai shakka ka tambayi malaminka, sannan ka faɗa wa abokan tafiya tun da dare. Na taɓa ganin ayarin mutum shida ya rabu biyu a wajen ajiye motoci, rabi sun shiga rabi sun ƙi, saboda ba a yi wannan magana ba. Yinin bai ƙara daɗi ba.

In a cikinku akwai abokan aiki ko 'yan uwa Kirista da za su ɗanɗana giyar, a yarda tun farko cewa a ɗakin ɗanɗano za a raba tebur, a haɗu a lambu. Ba abin faɗa ba ne in an faɗa da wuri.

2. Zaɓen wata da rana

Yanayin nan kishiyar na gida ne. Disamba zuwa Fabrairu zafi ake yi, a Paarl, ɗaya daga garuruwan gonakin, yakan haura digiri 35, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare. Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, itatuwan inabi sun kaɗe ganye sun zama ƙirare, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe 6.

In da zaɓi, ka zo tsakanin ƙarshen Janairu da Maris. Lokacin girbi ke nan. Za ka ga taraktoci na jan akwatuna cike da inabi, ma'aikata na bin layi da almakashi, kuma a lokacin ne kaɗai za ka iya cin inabin a inda ya nuna. Satumba da Oktoba ma suna da kyau, ko'ina kore shar, ba cunkoso.

Gargaɗi: daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu 'yan ƙasar na hutu, ba ka samun tebur sai ka kama tun makonni. Wasu gidajen abinci kuma suna rufewa Litinin ko Talata, musamman da sanyi. Laraba da Alhamis ne ranakun da na fi so. Juma'a sai in za ka juya hanyar yadda azahar za ta same ka kusa da masallaci.

3. Mota da ɗan jagora

Hanya uku ce.

Ta farko motar haɗaka, ƙaramar bas da ke bi otal-otal tana ɗaukar mutum goma ko fiye. Ita ce mai araha, ka tanadi kamar rand (kuɗin Afirka ta Kudu) 1,000 zuwa 1,800 kowane mutum. Amma a cikin kuɗin nan akwai na giyar da ba za ka sha ba, ba kai ke zaɓen gonaki ba, kuma da la'asar yanayin cikin motar yakan canza. Ba na ba mai iyali shawarar shigarta.

Ta biyu shata: mota da direba wanda shi ne ɗan jagora, naku ku kaɗai, yini guda. Ka tanadi kamar rand 3,500 zuwa 6,000 na motar baki ɗaya, gwargwadon girmanta da lokacin shekara. Da jin kuɗin sai mutum ya ja baya, amma in kun kai huɗu ko biyar kuka raba, kusan daidai yake da haɗaka, kuma ku ke da ikon cewa a tsaya nan, a wuce can, a jira mu yi salla. Wannan ce nake zaɓa kullum. Cape Town na da Musulmi masu yawa, kuma a cikinsu akwai masu wannan sana'a. In ka samu ɗaya, rabin bayanin da za ka yi ya ragu.

Ta uku ka yi hayar mota ka tuƙa da kanka. Tunda ba sha za ka yi ba, babu matsalar doka, sai dai a nan hannun hagu ake bi, kuma hanyoyin kan dutse suna da kwana. Wanda bai saba ba zai ƙare yinin yana kallon kwalta maimakon gonaki. Wanda kuma zai ɗanɗana giya kada ya kusanci sitiyari, dokar ƙasar ba ta wasa da wannan.

Akwai kuma Franschhoek Wine Tram, ɗan jirgin ƙasa da bas masu zagaya gonaki, kana sauka kana hawa. Kallon hanya daga cikinsa da kyau, amma shi ma don masu sha aka tsara shi.

Gargaɗi: doka ta wajabta wa mai yi wa baƙi jagora a Afirka ta Kudu ya yi rajista, yana da kati da bajo da yake maƙalawa a ƙirji. Ka nemi ganin katin kafin ka ba da kafin alƙalami. Kada kuma ka dogara da Uber daga gona zuwa gona. A cikin garin Stellenbosch ana samu, amma a gonar da ke can bayan dutse kana iya yin awa guda kana jira.

Waɗannan alƙaluma ma'aunin lissafi ne, farashi na motsawa, don haka a rubuto maka kuɗin ranar a saƙo.

4. Saƙon da za ka aika kafin ka biya

Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowane muhimmanci. Kada ka tsaya a waya, ka rubuta, don a samu abin komawa. Ka faɗi adadinku da shekarun yara. Ka faɗa ƙarara cewa ba kwa shan giya ko kaɗan, ba kwa cin naman alade, kuma nama sai na halal. Ka nemi a maye gurbin ɗanɗanon giya da na ruwan inabi, cuku, man zaitun ko cakulan, a kuma cire kuɗin giyar daga lissafi. Ka ce kuna buƙatar minti ashirin na salla bayan ƙarfe 1. Sannan ka tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa: kuɗin shiga gonaki yana ciki? Abincin rana fa? Ƙarfe nawa za a ɗauke ku, ƙarfe nawa za a dawo da ku? In aka yi ruwa ko wani ya kwanta rashin lafiya, nawa ake mayarwa?

Daga amsar za ka gane da wa kake hulɗa. Wanda ya san aikinsa zai kawo maka sunayen gonaki da abin da za ku ci a kowace. Wanda ya ce maka kawai babu matsala, ku zo, to shi ne zai kai ku inda ya saba kai kowa.

5. Hanyar da za a bi

Garuruwa uku ne zuciyar yankin: Paarl, kimanin kilomita 60 daga Cape Town, Franschhoek kimanin 75, Stellenbosch kimanin 50. A taswira kamar duwatsun murhu suke, ana shiga ta ɗaya a fita ta ɗaya. Babban kuskure shi ne haɗama. Gona uku sun isa yini. In ka cusa biyar, hotuna kawai za ka tara.

Ga tsarin da na fi bi da baƙi. A bar gari da ƙarfe 8 ko 8:30 ta babbar hanyar N1, lokacin motoci na shigowa ku kuna fita. Zango na farko Fairview a gefen Paarl, gonar da ta yi suna da cuku, da wata hasumiya da awaki ke hawa ta matakala, abin da yara ba sa mantawa. Daga nan mintoci kaɗan ne zuwa Babylonstoren, gonar da ta faro tun 1692. A nan nake so ka kashe lokaci. Lambunta babba ne, da tsirrai sama da iri 300, kusan duka na ci ne ko na magani. Ana biyan kuɗin shiga, kuma akwai zagayen lambu da safe tare da ma'aikacin gonar, wanda ake kama gurbi tun kafin a zo. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai tsaya ya kalli yadda suka ja ruwa ta ƙananan magudanai har gindin kowane itace, da yadda suka shimfiɗa rassan itatuwan marmari a jikin waya don rana ta samu kowane ɗa. Awa biyu ba ta yi yawa ba.

A hanyar Franschhoek a ɗan ratse ta titin R301 zuwa ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda da ake kira Victor Verster. Ta nan Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, kuma akwai mutum-mutuminsa a bakin ƙofar. Minti goma ya isa. Gidan yari ne mai aiki har yau, don haka kada ka juya kyamara wajen masu gadi.

Abincin rana a Franschhoek, garin da Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka zauna daga 1688, shi ya sa sunayen gonaki da yawa na Faransanci ne. Bayan nan a bi R310 ta ƙauyen Pniel a hau hanyar dutsen Helshoogte, inda ake hango kwarin gaba ɗaya. A saman akwai gonar Tokara, masu man zaitun. Sai a gangara Stellenbosch, garin da aka kafa a 1679, a taka titin Dorp a ƙarƙashin manyan itatuwansa, a koma gida ta N2.

Mai yara ƙanana yana iya musanya ɗaya daga ciki da Vergenoegd Löw, inda ake koro garken agwagi su shiga gona su cinye dodon koɗi maimakon a yi feshi, ko Spier mai fili. Wanda lokacinsa rabin yini ne kawai, Groot Constantia tana cikin Cape Town kanta, tun 1685 take.

6. Abin da za ka ɗauka

Takalmi marar tsini, saboda tsakuwa da ciyawa. Hula mai baki ko laima, da man kare fata, don ranar nan na ƙuna ko da iska na kaɗawa. Rigar sanyi mara nauyi ko a watan zafi. Sallaya, ƙaramar buta ko gorar ruwa, da waya mai caji. Katin banki, domin wasu gonakin sun daina karɓar tsabar kuɗi, tare da 'yan canji na tukuici. Ka karya kumallo sosai kafin ka fito, ka kuma saka ɗan guzuri a jaka. Shagunan Musulmi a Bo-Kaap na sayar da samosa, kuma ta sha ceton mu.

7. A teburin ɗanɗano

Ga yadda abin yake, don kada ya zo maka baƙo. Za a zaunar da ku, ma'aikaci ya zo da kwalabe, yawanci biyar, ya zuba ɗan kaɗan a kofi, ya yi bayanin irin inabin da ƙasar da ya fito, ya jira a kurɓa, ya zuba na gaba. Akwai wani ɗan bokiti a tsakiyar tebur na tofarwa da zubar da saura. Zama ɗaya yakan ci minti 45 zuwa awa guda. Ku naku tsarin ɗaya ne, abin da ke cikin kofin ne ya bambanta, kuma kuɗinsa yakan kama daga rand 50 zuwa 150 kowane mutum.

Da kun zauna, kafin a taɓa kwalba, ka maimaita wa wanda ya zo teburin abin da ka rubuta a saƙo. Kada ka ɗauka ɗan jagora ya faɗa masa, sau da yawa wanda ya karɓi saƙon ba shi ke aiki ranar ba.

A nan ne fa ake zamewa, don haka ka karanta wannan sau biyu. A Hausa ma kalmar ruwan inabi tana ɗaukar ma'ana biyu, a can kuma kwalabe iri uku ne masu kama da juna. Akwai tataccen ruwan inabi wanda bai taɓa zama giya ba, a jikinsa za ka ga "grape juice", ko "druiwesap" da harshen Afrikaans. Shi kake nema. Akwai wanda aka rubuta wa "de-alcoholised": wannan giya ce cikakkiya aka yi, sannan aka zare mata sinadarin maye, kuma tana iya riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. Ma'aikata da yawa da zuciya ɗaya suke miƙo ta ga duk wanda ya ce ba ya sha, don a wurinsu ba giya ba ce. Sai na uku, mai kumfa da aka rubuta wa "Cap Classique". Wannan giya ce zalla, amma kwalbarta da murfinta kamar an tsaga kara da na ruwan inabi mai kumfa.

A wata gona, wata yarinya mai fara'a ta zuba mana wani abu ja a kofuna, ta ce ga namu na musamman. Matar yayana ta riga ta ɗaga kofi. Na ce, "Hajiya, dakata tukuna," na roƙi a ba ni kwalbar. A can ƙasan takardar baya, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ga 0.5%. Yarinyar ta ba da haƙuri har sau uku, ta koma ta kawo na gaskiya. Tun ranar ƙa'idata ɗaya ce: a buɗe kwalba a gabana, in karanta bayanta da idona. Ba rashin kunya ba ne, sun saba da masu duba kwalba.

Ruwan inabin kansa ya cancanci a natsu a sha shi. Fari daban, ja daban. Na inabin Hanepoot zaƙi gare shi da ƙamshi kamar turare, ja kuma yakan ɗan kama harshe saboda ɓawon. Ka fara da fari, ka kurkure baki da ruwa, ka koma ja. In lokacin girbi ne ka roƙi a tsinko maka inabin Pinotage, irin da Abraham Perold ya haɗa a Jami'ar Stellenbosch a 1925. Ƙanana ne, ɓawo mai kauri, cike da ƙwallaye, amma zaƙinsu ya fi na inabin kasuwa nesa ba kusa ba.

Man zaitun kuma ba da burodi ake fara ɗanɗana shi ba. Za a zuba maka cokali guda a ɗan kofi. Ka rufe bakin kofin da tafin hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe gindin, ka ɗan jujjuya har ya ji ɗumin jikinka. Ka buɗe ka shinshina, za ka ji kamar ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu. Ka kurɓa kaɗan, ka ja iska ta tsakanin haƙora, ka haɗiye. Zai yi maka yaji a maƙogwaro har ka yi tari. Wannan yajin alamar sabon mai ne mai kyau, ba lalacewa ba. Baƙin ruwan tsamin da ake ajiyewa kusa da shi, balsamik, daga inabi ake yin sa, kuma yawanci da ruwan tsamin da asalinsa giya ce. Malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya bi abin da ya natsu da shi.

Cuku ana farawa da mai laushi marar ƙarfi, a ƙare da tsoho mai wari. Tambaya biyu za ka yi. Da me aka daskarar da madarar? Kamar yadda Fulani ke sa tumfafiya, su ma suna da abin da suke sawa, wani daga tumbin ɗan maraƙi, wani ba na dabba ba, kuma kalmar da za ka nema ita ce "vegetarian rennet". Ta biyu, akwai wanda aka wanke ko aka jiƙa da giya? Ana yin haka ga wasu. Cakulan ma a tambaya, musamman mai ruwa a ciki.

Gargaɗi: in aka ce za a zaga da ku rumbun da gangunan suke, ka sani warin tsimi a ciki yana da ƙarfi, balle lokacin girbi. Ba dole ba ne, kana iya jira a lambu. Kada kuma ka kutsa cikin layukan inabi ba da izini ba. Ana feshi, akwai macizai da zafi, kuma tsinkar inabin mutane ba tare da an ba ka ba kowa ya san sunansa.

8. Abincin rana

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce gidan abincin da ke sayar da giya da wuya ya samu takardar shaidar halal. Hukumomin da ke ba da ita, irin su MJC da SANHA da NIHT, tambarinsu ake liƙawa a bango ko ƙofa. In ba ka gani ba, babu. Za ka ji ana cewa "halal friendly". Ma'anarsa yawanci sun sayo kaza ko rago daga mahaucin halal, amma kicin ɗaya ne da na alade, wataƙila ma kasko ɗaya.

Mafita uku nake bi. Mafi sauƙi, a ci kifi ko ganye a gonar. Kifin ruwan sanyi da ake kiwo a yankin Franschhoek yana da daɗi, kuma a Babylonstoren yawancin abin da ke faranti daga lambun aka tsinko shi. Ta biyu, a sayo abinci daga gidan halal a Cape Town da safe a ci a hanya, amma ka sani yawancin gonaki ba sa yarda a shigo da abincin waje, sai ɗan jagora ya nemo muku wurin zama. Ta uku, a jinkirta a ci a cikin garin Stellenbosch ko Paarl, inda Musulmi ke zaune tun da daɗewa kuma akwai wuraren halal. Boschendal da Spier suna haɗa kwandon abinci a ci a kan ciyawa ƙarƙashin itatuwa, wanda ya fi kowane tsari dacewa da iyali tunda babu teburin kowa kusa da ku. Ana yin odarsa tun kafin ranar, kuma a nan za ka ce marar nama kake so.

Ko kifi ka zaɓa, tambaya ba ta ƙare ba, domin masu girkin yankin da giya suke miya. Romon da ake zubawa a kan nama, wanda suke rubutawa "jus", kusan kullum da jar giya ake dafa shi. Shinkafar risoto da farar giya ake fara ta. Miyar kifi ma haka. Ka ce a gasa maka da man zaitun da lemun tsami kawai. A kayan zaƙi ka guji duk abin da ke ɗauke da sunan brandy ko Amarula ko tipsy tart.

Sai katakon nan da ake jera cuku da zaitun da 'ya'yan itace a kai, wanda kowa ke sha'awa a hoto. Jan naman da ake naɗewa siriri a gefensa, salami ko coppa ko prosciutto, alade ne. Mun taɓa cewa a kawo mana na cuku, aka kawo da naman kwance a jikin cukun, wai kyauta ce daga kicin. Ba a cire naman a ci saura, a mayar a kawo sabo a kan wani katakon. Biltong, kilishinsu, na sa ne ko naman daji, amma sai mai tambarin halal.

Ka tanadi rand 250 zuwa 500 kowane mutum. Ana ƙara tukuicin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sai dai ka duba takardar kuɗin, in kuna da yawa wasu sun riga sun saka shi. Ka kama tebur na ƙarfe 12:30, ka roƙi na waje a gefe. Abinci a nan ba ya sauri, ka ba shi awa ɗaya da rabi. A rufe da shayin rooibos, jan ganyen da ke fitowa a duwatsun Cederberg.

9. Salla

Azahar na shiga wajen ƙarfe 1. Akwai tsohon masallaci a titin Banhoek a Stellenbosch, akwai masallatai a Paarl. In lokaci zai ƙure, ka nemi ma'aikaci ya nuna maka gefen da ba a wucewa a lambu, ban taɓa roƙa an hana ni ba. Alwala a banɗakin baƙi, a bar wurin a bushe.

Abin da ke ruɗa kowa shi ne alƙibla. Da na kai kawuna, ya shimfiɗa sallaya ya dubi gabas kamar yadda ya yi shekara sittin yana yi. Na ce, "Kawu, ku juya hagu sosai, nan Makka arewa take da mu." Ya dube ni, ya dubi rana, bai gamsu ba sai da na nuna masa a waya. Daga Cape Town alƙibla arewa ce da ɗan karkata gabas, kimanin digiri 23. Ka duba tun kana da sabis, ka riƙe wani dutse a matsayin alama.

10. Sayayya da komawa

Ka bar sayayya sai zango na ƙarshe, ban da abin da ba za ka sake gani ba, don cuku da cakulan ba sa jure zafin mota. In dole ne, ka tambayi direba ko yana da akwatin ƙanƙara. Kada a bar jaka ko waya a kan kujera inda ake hangowa, ko da a cikin gona. In hanya ta bi da ku ta kan dutsen Franschhoek kuka ga gwaggon biri a bakin titi, a rufe gilashi, kada a miƙa musu komai.

Ku bar Stellenbosch wajen ƙarfe 4:30, ku shiga gari da sauran haske, kuma kada a tsaya a gefen N2 kusa da filin jirgi. Ɗan jagora in ya kyauta, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin motar shi ne abin da aka saba, a hannu. Mai gadin motoci mai riga mai ƙyalli rand 5 ko 10.

Man zaitun, zuma da ruwan inabi duk sun haura mililita 100, ba za su wuce a jakar hannu a filin jirgi ba. Ka sayi man na gwangwani in akwai, kwalabe kuma ka saka kowace a leda ka ɗaure, ka naɗe ta da riga, ka kwantar a tsakiyar babban akwati.